Hayaƙin tsofaffin injinan dizal a Gwarzo da Kabo: asalinsa, illarsa da hanyoyin rage shi

Hanyar da ta taso daga birnin Kano, ta ratsa ƙananan hukumomin Rimin Gado da Kabo da Gwarzo, ta faɗa Dayi a Jihar Katsina, tana cikin hanyoyin da manyan motoci suka fi bi a yammacin jihar. Tireloli masu ɗauke da hatsi da taki da siminti, tifofin yashi, da motocin dabbobi masu zuwa kasuwar Getso, kusan dukkansu man dizal suke sha, wanda direbobi suka fi kira gas. Tun da gwamnatin tarayya ta bayar da aikin mayar da hanyar tagwaye a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, katafiloli da giredodi da motocin kwalta suka ƙaru a kansu. Duk wanda ya taɓa bin bayan tsohuwar tifa a kan babur ya san baƙin hayaƙin da take turnuƙe hanya da shi idan ta taka hawa.

Sai dai hayaƙin da mutanen Gwarzo da Kabo suka fi shaƙa a kusa da hancinsu yana cikin gari. Akwai injin niƙa a lungu, da injin gyaran shinkafa, da injin casar masara da ake yawo da shi gona-gona da kaka, da tarakta, da janareton da ke ƙarƙashin ƙarfen sabis dare da rana. Mafi yawansu tsofaffi ne, wasu an ƙera su tun kafin a fara sa wa injina dokar hayaƙi a ƙasashen da suka fito.

Yadda injin ke haifar da hayaƙi

Injin ya ɗauki sunan Rudolf Diesel, injiniyan Jamus da ya kammala na farko mai aiki a 1897. Ba shi da fulogi irin na injin fetur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Wannan tsari ya sa ya fi injin fetur ƙarfin ja da tattalin mai, ya kuma fi shi jure wahala: inji guda na iya yin shekara talatin ana gyara shi yana aiki. Juriyar nan riba ce ga mai shi, amma ita ce ta sa tsohuwar fasaha mai hayaƙi take daɗewa a hannun jama'a bayan an daina ƙera irinta.

Da yake mai da iska ba sa gauraya sosai kafin wuta ta kama, akan sami wuraren da mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan. A nan ne ake samun kunkunniya, wato baƙin garin da ke fita ta salansa. A wuraren da zafi ya tsananta kuma, iskar naitirojin da ke cikin iska takan haɗu da oksijin ta zama wata iska mai ƙona maƙogwaro da huhu.

Makanikai sun daɗe suna karanta lafiyar inji daga launin hayaƙinsa, kuma karatun nasu ya dace da kimiyya. Baƙin hayaƙi alama ce ta mai da bai ƙone duka ba: matatar iska ta toshe, ko nozul ya ci yana tsiyaya maimakon feshi, ko lodi ya fi ƙarfin inji. Shuɗi yana nuna injin na cin man juye, galibi saboda ringin fistin sun lalace. Fari kuwa, idan ya ci gaba bayan inji ya ɗumama, to ko dai mai ne ke fita ɗanye, ko ruwa ya sami hanyar shiga silinda.

Abin da yake yi wa jiki

Mafi haɗari a cikin hayaƙin shi ne ƙananan ƙwayoyin da masana ke kira PM2.5, waɗanda sun fi silin gashi ƙanƙanta kusan sau talatin. Gashin hanci da majina ba sa tare su. Suna gangarawa can cikin huhu, mafi ƙanƙantarsu ma suna shiga jini. An tabbatar da alaƙarsu da tashin asma, da ciwon huhu mai daɗewa, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Yara, tsofaffi da masu juna biyu su suka fi jin jiki.

A watan Yunin 2012, hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sanya hayaƙin dizal a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam, musamman kansar huhu, ta kuma lura da alamun alaƙarsa da kansar mafitsara. Babbar hujjarta ta fito ne daga binciken da aka yi kan ma'aikatan haƙar ma'adinai a Amurka, mutanen da suka shafe shekaru suna aiki kusa da injinan dizal a wuraren da iska ba ta zagayawa. Wannan bayani na ƙarshe ya fi kowanne dacewa da halin da ake ciki a karkarar Kano, kamar yadda za a gani a gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta jawo mutuwar mutum miliyan 4.2 kafin lokacinsu a shekarar 2019. A 2021 ta tsaurara ma'auninta, ta ce bai kamata matsakaicin PM2.5 na shekara ya wuce maikurogiram 5 a kowace kubik mita ta iska ba. Wani rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa manyan motoci, duk da ƙarancinsu a kan ƙanana, su ke fitar da fiye da kashi 60 cikin ɗari na PM2.5 da ke tashi daga tituna.

Dizal ba shi ne babban abin da ke gurɓata iska a Gwarzo ko Kabo ba. Hayaƙin itacen girki da ƙona shara da ƙurar hunturu sun fi shi yawa nesa ba kusa ba. Abin da ya bambanta shi shi ne yana fitowa ne daga injina da za a iya ƙirgawa, kowanne da mai shi da aka sani, kuma kowane baƙin hayaƙi kuɗin mai ne da mai injin ya biya ya tashi a banza. Wannan ya sa ya fi sauran sauƙin kamawa.

Ɗakin niƙa

Injin niƙan da aka saba gani a garuruwan yankin mai silinda ɗaya ne: ko dai samfurin Lister na Ingila da kwaikwayonsa na Indiya, ko na China da suka mamaye kasuwa daga baya. Ana girke shi a ɗan ɗaki ko rumfar kwano, bel na juya abin niƙan, ƙofa ɗaya, taga idan akwai. Salansa sau da yawa gajere ne, ko ya tsage, ko an cire shi gaba ɗaya. Mai niƙa yana wuni a tsaye a wajen, yana shaƙar hayaƙi haɗe da ƙurar gari, abubuwa biyu da kowannensu shi kaɗai ya isa ya gajiyar da huhu. Masu jiran layi kuwa galibi yara ne mata da aka aiko da ƙwaryar dawa ko masara, da matan da ke goye da jarirai.

Tirelar da ta wuce a titi tana turara mutum na 'yan daƙiƙu ne ta tafi, iska ta watsa sauran. Injin ɗakin niƙa kuwa yana turara mutanen da ke taku biyu ko uku daga gare shi na sa'o'i, kowace rana. Lamarin ya fi muni da sanyin safiyar hunturu, lokacin da iska mai sanyi ke kwanciya a ƙasa ta hana hayaƙi tashi sama, ga kuma hazo da ya riga ya cika gari.

Takunkumin yadi da wasu ke ɗaurawa yana rage ƙurar gari, amma ba ya tare ƙananan ƙwayoyin hayaƙi. Samfurin N95 na tare ƙwayoyin idan ya zauna daidai a fuska, sai dai ba ya tare iskar guba.

Abin da wasu ƙasashe suka yi, da dalilin da ya sa ba za a kwafo shi kai tsaye ba

Amurka ta yi doka ta musamman a 2005 don tallafa wa masu tsofaffin injinan dizal da kuɗi: ko a ƙara wa injin na'urar tace hayaƙi, ko a sauya inji a bar jikin motar, ko a sauya duka. Birnin Landan kuma tun 2015 ya sa ƙa'idar hayaƙi ga injinan da ake shiga da su manyan wuraren gini. Na'urorin da aka dogara da su sanannu ne. Akwai wadda ke ƙarasa ƙona ragowar mai a cikin salansa, tana rage ƙwayoyin hayaƙi da kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari. Akwai matatar kunkunniya, wadda ke kama kashi 85 ko fiye. Akwai kuma tsarin da ke fesa ruwan yuriya, wanda aka fi sani da AdBlue, don karya iskar naitirojin mai guba.

Dukkan waɗannan na'urori suna da sharaɗi guda: man da babu farar wuta da yawa a cikinsa. Farar wuta, wadda ake kira salfa, tana kashe sinadarin da ke cikin na'urorin, ta toshe matatar. Wannan na cikin dalilan da suka sa manyan motocin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai suke rasa matatarsu bayan sun iso: ta toshe, inji ya rage ƙarfi, makanike ya cire ta ya jefar. Motar da ta bar Beljiyam da tsaftataccen salansa sai ta koma tana hayaƙi kamar wadda ta girme ta da shekara ashirin.

Turai ta taƙaita farar wuta a dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Najeriya ta daɗe tana yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, wato ninki 300. A watan Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoto kan yadda dillalan mai na Turai ke haɗa man da dokar ƙasashensu ta haramta su sayar a Afirka ta Yamma. A Disambar shekarar, Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddebuwa suka amince a Abuja cewa za su sauko zuwa kashi 50. Gana ta aiwatar, Najeriya ta yi ta ɗage lokaci. A Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS suka sake tabbatar da ma'aunin 50 a Wagadugu, kuma dokar masana'antar man fetur ta Najeriya ta 2021 ta tafi a kan wannan ma'auni. Holan ma ta hana fitar da mai mai yawan farar wuta daga tashoshinta tun 2023. Bayan matatar Dangote ta fara sayar da dizal a 2024, an yi cacar baki a fili tsakaninta da hukumar NMDPRA kan wane mai ya fi tsafta, na gida ko na waje.

Ko da man ya bar depo da tsafta, akwai sauran tafiya kafin ya isa tankin injin niƙa a ƙauye. Yana bi ta hannun 'yan bumburutu, a duro da jarka, inda ƙura da ruwa ke shiga, wani lokaci a yi masa algus da kananzir ko tsohon man juye. Irin wannan mai yana cin nozul da famfo, ya mayar da lafiyayyen inji mai hayaƙi cikin 'yan watanni.

Abin da za a iya yi ba tare da jiran kowa ba

Mataki mafi arha shi ne raba hayaƙin da mutane. A ƙara wa salansa bututun ƙarfe ya fita waje ya haura rufi, bakinsa ya kau da kai daga ƙofa da wurin jiran layi. Kada bututun ya fi na asali matsi, domin zai shaƙe injin ya ƙara masa hayaƙi, kuma kada ya taɓa kara ko ciyawar rufi saboda gobara. A lura da iska: da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma. Wanda ke da hali ya gina katanga tsakanin inji da wurin niƙa, ya bar kafar da bel zai bi. Wannan aikin mai walda ne da magini na yini ɗaya ko biyu. Bai rage hayaƙin da ke shiga sararin gari ba, amma ya rage wanda ke shiga huhun yaran da ke tsaye.

Sai matatar iska, wadda makanikai ke kira iyakilina. A ƙasa mai ƙura irin tamu tana toshewa da wuri fiye da lokacin da littafin kamfani ya ƙayyade, balle a ɗakin niƙa inda gari ke tashi. Mai amfani da mai a ƙasanta tana buƙatar wanki da sabon mai akai-akai. Ta takarda kuma idan ta huje sai sauyawa, domin bugun ta a ƙasa don kakkaɓe ƙura yakan tsaga ta. Mafi muni shi ne cire ta gaba ɗaya da sunan inji ya sha iska, abin da ke sa ƙura ta goge silinda da ringi kamar yashi.

Nozul da famfon mai su ne zuciyar lamarin. Nozul mai kyau yana fesa mai kamar raɓa, wanda ya ci kuwa yana ɗigar da shi. Masu gwajin famfo da nozul na iya auna su su daidaita. Akwai kuma al'adar buɗe famfo don ƙara wa mota ƙarfi, wadda ta zama ruwan dare a wajen masu tifa. Ƙarfin da ake samu kaɗan ne, man da ake ƙonawa a banza yana da yawa, kuma wannan ne ke sa mota ta yi aman baƙin hayaƙi da zarar an taka ta. Haka lodin da ya wuce ƙa'ida. A injin niƙa, ƙarafan niƙa da suka dakushe da bel mai saɓule suna sa inji ya daɗe a kan aikin da ya kamata ya gama da wuri.

Barin babbar mota a silo yayin lodi ko jira a bakin kasuwa yana cin kimanin lita biyu zuwa huɗu a kowace sa'a, ba tare da ta motsa ba. Janareto kuma yana da tasa matsalar: idan ya daɗe yana aiki da ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa, ba ya yin zafin da zai ƙone mai sosai, sai baƙin ruwa ya riƙa tsiyaya daga salansa. Babban janareto da aka saya wa ƙaramin ofis ko asibiti don burgewa ya fi wanda aka auna daidai da buƙata hayaƙi da cin mai.

Injinan 'yan kwangila da batun doka

Manyan injinan aikin hanya da haƙar ƙasa lamarinsu daban ne, domin masu su kamfanoni ne da ke karɓar kuɗin gwamnati. A nan takardar kwangila ta fi kowace doka tasiri. Ana iya rubuta a cikinta shekarun injin da za a yarda a kawo, da shaidar ingancin man da ake zuba masa, da nisan da za a bari tsakanin wurin dafa kwalta da makaranta ko asibiti, da wajabcin yayyafa ruwa a hanyar wucin gadi don kwantar da ƙura. Dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta riga ta buɗe wannan ƙofa ga manyan ayyuka. Sarakuna da ƙungiyoyin ci gaban garuruwan da hanya ta ratsa suna da damar neman a nuna musu abin da aka rubuta.

Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin hayaƙin motocin fetur da dizal tun 2011, kuma a farkon 2023 ta ƙaddamar da shirye-shiryen gwajin hayaƙin motoci da na janareto. Hannun hukumar tarayya ba ya saurin kai wa lungun Kutama ko Garo. Waɗanda ke kusa su ne jami'an VIO da KAROTA a kan titi, da ma'aikatan duba-gari na ƙananan hukumomi a cikin gari. Gwajin baƙin hayaƙi ba ya buƙatar tsadaddun kayan aiki: tun ƙarshen ƙarni na 19 wani malamin Faransa, Maksimiliyan Ringelman, ya ƙirƙiro kati mai matakan baƙi da ake kwatanta hayaƙi da shi da ido. Abin gudu shi ne gwajin ya zama wata sabuwar hanyar karɓar na goro. Tsarin da ya ba mai inji wa'adin gyara kafin tara, tare da ƙungiyoyin direbobi da na masu niƙa, ya fi kusa da samun haɗin kai.

Sauya injin

Tsadar mai ta fara yin abin da doka ba ta yi ba. An daɗe da cire tallafi a kan dizal, kuma litarsa ta ninka fiye da sau biyu a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, daga baya ta haura naira 1,000. Injin niƙa mai amfani da lantarki ba ya hayaƙi, ba ya buƙatar juye, kuma ya fi arha a aiki matuƙar akwai wuta. Matsalar ita ce wutar: mai niƙa ba zai iya cewa matan gari su jira KEDCO kafin su ɗora tuwon dare ba, shi ya sa da yawa daga waɗanda suka sayi na lantarki suke ajiye na dizal a gefe.

Misalin sola yana kan hanyar Gwarzo kanta. A Satumban 2019 aka ƙaddamar da tashar wutar sola mai megawat 7.1 a sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ƙarƙashin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, wadda ita ce ta kai sola kasuwar Sabon Gari, ta kuma fara wani shiri a 2022 na haɗa injinan sarrafa amfanin gona da ƙananan tashoshin sola na ƙauyuka. Injin niƙa yana jan wuta mai yawa lokacin tashi, kuma masu niƙa sun fi zuwa da safe da yamma, lokacin da rana ba ta da ƙarfi. Don haka ya fi dacewa da tashar gari mai batura fiye da faifan sola na mutum ɗaya.

Iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023, ta fi sauƙin shiga injin fetur. Na dizal ba shi da fulogi, don haka sai dai a sake fasalinsa, ko a bar shi yana shan gas da ɗan dizal tare. Yaɗuwarta a yammacin Kano ta dogara da samun wurin shan gas a kusa, abin da ake sa ran bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 zai sauƙaƙa.

Akwai wani sharaɗi a shirin Amurka da ya kamata duk mai tsara tallafin sauya injina a nan ya sani. Wanda aka ba kuɗin sabon inji dole ne ya lalata tsohon, a huda gangar jikinsa yadda ba zai sake tashi ba, ya kuma kawo shaida. A Gwarzo ko Kabo, tsohon inji mai motsi yana da masu saye a ƙauyen gaba, kuma sun fi 'yan gwangwan biya. Idan tallafin bai cike wannan gibi ba, injin da aka cire daga bakin kasuwar Gwarzo zai hau amalanke ne a girke shi a wani ɗakin niƙan, 'yan kilomitoci daga inda aka cire shi.